Burukutun da Habila Bai Ɗanɗana Ba

A watan nan na Mayu ƙanena Habila ya cika shekara biyar kwance a jar ƙasar Greensboro, a nan Amurka. Ni ce yayarsa, Saratu. Na girme shi da shekara tara, a bayana ya yi wayo. Bisa tsarin da kowa ke fata, shi ya kamata ya tsaya a bakin kabarina yana karɓar gaisuwa, amma mutuwa ba ta tambayar wa ya riga wa zuwa duniya. Shekara biyar ta isa a yaye yaro har a sa shi makaranta. Ni dai ba ta ishe ni in daina juyawa ba duk sa'ad da na ji an buɗe kwalba a bayana.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, abin da zan ambata kuma haramun ne a wurinsu. Ni ma ba na sha. Tun ina amarya na shiga zumuntar mata a cocinmu, na yi alkawarin barin giya, na kuma riƙe shi. Ba yabonta na zo yi ba. Sai dai ba da labarin Habila ba tare da giya ba kamar ba da labarin masunci ne a tsallake kogi. Don haka ku yi mini haƙuri, ku saurara.

Mu Hausawa ne Kirista, daga wani ƙauye a kudancin Katsina, wajen Malumfashi. Innarmu burukutu take dafawa, da ita ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. A bayan ɗakinta akwai manyan tukwane uku da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Ni ce mai jiƙa dawa, in shanya ta a inuwa, in rufe da ganye har ta tsiro, in busar, in kai niƙa. Ni ce mai juya muciya har kafaɗa ta mutu. Habila kuwa aikinsa ɗaya, ya tsaya da ɗan ƙoƙonsa yana jiran a sauke tukunya, domin kafin abin ya tashi ya zama giya ruwan zaƙi ne, ana ba yara. Da ya zama saurayi ya sha ta gasken. Bai daɗe yana sha ba karatu ya ɗauke shi zuwa Zariya, daga can ya tsallako Amurka.

Jami'ar da ke gabashin Greensboro ce ta kawo shi. Da karatun ya ƙare ya samu aiki a wani babban sito na kujeru da gadaje a wajen titin Wendover, yana tuƙa motar ɗaga kaya. Ya auri Rahila, 'yar wajen Zonkwa, suka haifi 'yan mata biyu da in ka yi musu Hausa sai su amsa da Turanci. Suka kama gida a McLeansville, inda gidaje ke nesa da juna, da gareji da fili a baya. Da mijina ya rasu shi ya yi ɗawainiya ya kawo ni, na samu aiki a gidan kula da tsofaffi, na kama ɗaki kusa da cocinmu.

Inna ta rasu ina da shekara biyu a nan. Ni na samu na je jana'iza. Habila takardunsa suna hannun hukuma a lokacin, in ya fita ba zai iya dawowa ba, ga mata ga yara. Bai je ba. Da na dawo ya ɗauko ni daga filin jirgi. Sai da muka kusa gida ya ce, "Yaya, tukwanen fa?" Na ce masa ɗaya ta fashe tun bara, biyun kuma an ba wata maƙwabciya tana zuba ruwa. Ya gyaɗa kai. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina ganin a cikin motar nan ne Habila ya gane gidan ya bar shi da gaske.

Daga nan ya fara yawon neman giya. In na faɗi haka sai a ɗauka mashayi ne, to ban taɓa ganin sa a buge ba. Giyar gwangwani da ake sayarwa a kowane gidan mai, ita yake kira ruwan wanke ƙwarya. Abin da yake bi shi ne irin waɗanda ƙananan masu dafawa ke yi kaɗan-kaɗan, masu ƙarfi, masu wuyar samu. A wancan lokacin dokar jihar nan ta hana sayar da giyar da ƙarfinta ya wuce wani mizani, don haka ranar Asabar ɗin da ba shi da aiki sai ya hau mota ya nufi arewa, ya tsallaka cikin jihar Virginia, ya dawo da kwalba biyu ko uku naɗe a tsohuwar riga kamar ƙwai.

Ina iya ganin sa yanzu a teburin kicin. Kwalba ɗaya ta ishe shi yini. Ya zuba kaɗan a ƙaramin kofin gilashi, ya ɗaga wa haske, ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki kamar mai sauraron wata magana daga nesa. Akwai wata baƙa wuluk mai kauri da aka tsufar a gangar katako, ya ce kamar an ƙona gyaɗa an tsoma a zuma. Akwai wata da wasu masu zaman ibada ke dafawa a Beljiyam, ya ce ƙamshin busasshen dabino ne da tsohon rumbu. Wasu ba ya ma buɗewa, sai ya kai su wuri mai duhu ya ajiye, ya ce irin waɗannan shekaru ne ke gyara su, tsohuwar zuma ai da ita ake magani. In na ce masa, "Kai dai ka samu abin ɓata Asabar," sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, nema nake." Ban tambaye shi me yake nema ba, na sani.

Wata rana da yamma ya zo har wurin aikina, ya jira ni a mota. Da na shiga ya miƙo mini wata kwalba, ita ma ta Beljiyam, da ya riga ya buɗe.

"Ba sha na ce ki yi ba. Shinshina kawai."

Na kai hanci. Tsami ne ya fara dukana, sannan wani wari-wari mai kama da na turken awaki bayan ruwan sama. Na ture ta.

"Wannan ai ta lalace."

"Ba ta lalace ba. Haka suke yin ta. Buɗe suke barin ta ta kwana, iska ta shiga. Yaya, ba haka Inna take yi ba?"

Haka take yi. Bayan dahuwar farko takan bar tukunya a buɗe ta kwana har ta yi tsami, sannan a sake dafawa. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce masa wannan ba ta kai ta Inna ba, amma 'yar uwarta ce ta nesa. Ya buga sitiyari da tafin hannu kamar yaron da ya ci jarrabawa. A ranar ya yanke shawarar daina nema a kanti, zai dafa da kansa, ni kuma in tsaya a kansa.

Na yi tunani a kan alkawarina, na ga sha na ce na bari, ban ce na manta aikin hannun uwata ba. Na yarda.

Dawa ce ta fara ba mu wahala. Wani tsohon Bature a McLeansville yana noma takanɗa don matse ruwanta, ya ba Habila tsabar, amma ƙanƙanuwa ce, ga ɗaci. Wanda ya fid da mu shi ne Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, abokin aikinsa a sito, Musulmi mai riƙo da salla. Shi ya samo masa jar dawa irin ta gida, ya kawo har ƙofa a leda. Ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Habila, ni dai don tuwo na kawo maka. Abin da ka yi da ita tsakaninka da Allah." Habila ya shuka ta a bayan gida, ta fito ta yi tsayi har ta wuce katangar waya. Maƙwabta suka riƙa rage gudun mota suna kallo.

Damina biyu muna gwadawa ba mu dace ba. Tukunyarmu ta ƙarfe ce, irin wadda Amurkawa ke soya talotalo a ciki. Dahuwar farko ta fito kamar kunun zaƙi. Ta biyu ta ruɓe, har Rahila ta ce in muka sake yi mata wannan wari a gareji za ta kwashe yara ta koma coci da zama. Wata kuma ta tashi da yis ɗin kanti, ta yi ƙarfi, amma fayau take, ba ta da ran komai. A gida da guntun tsohuwar giya ake ta da sabuwa, kowace tukunya 'yar ta jiya ce, har a koma kan kakanni. Mu kuwa ba mu da jiya. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji Habila, ya zubar, ya wanke tukunya, ya sake jiƙa dawa.

A tsakiyar haka muryarsa ta dushe. Ya ce mura ce. Da ta ƙi tafiya Rahila ta tilasta masa zuwa asibiti, aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Aka fara gasa masa wurin da na'urar asibiti. Wuyansa ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ya rame, wando ya koma riƙe da igiya. Amma abin da ya fi ci masa rai harshensa ne. Gashin ya kashe masa ɗanɗano. Miyar kuka da shayi da lemo duk suka zama abu ɗaya a bakinsa.

Na ji abin da wasu suka faɗa a bayan coci, cewa giyar ce ta ci shi. Na tambayi likitansa da bakina, ya ce ba wanda zai iya nuna abu ɗaya da yatsa ya ce shi ne. Ban ƙaryata masu maganar ba, ban kuma gaskata su ba. Tambayar tana nan tare da ni, kuma na haƙura da cewa ba zan samu amsarta a wannan duniya ba.

Da zafin Agusta ya kama, ya ce mu sake dafawa. Na ce ya bari ya warke. Ya ce dawar ba za ta jira shi ba. Wannan karon ba ya iya ɗaga komai, sai ya zauna a kujera a gindin bishiya yana kallo, ni da Rahila muna aiki. Muka bar gas muka haɗa murhun duwatsu, muka hura itace. Na bar tukunya a buɗe ta kwana cikin zafin nan mai ɗanko. Da aka zo tayarwa ya miƙo mini gindin wata kwalbar tsamin nan ta Beljiyam, laka-lakan da ke kwanciya a ƙasa, ya ce in zuba. Har yau ban san ko itacen ne, ko zafin ne, ko wannan laka ba. Abin da na sani, washegarin ranar da ta tashi, da na ɗaga murfi, kumfa na motsi a kai tana 'yar ƙara.

Na ɗebo masa a ƙwarya. Ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, ya riƙe a baki yadda ya saba. Ya daɗe. Sannan ya juya gefe ya tofar.

"Ƙarfe," ya ce da 'yar muryar da ta rage masa. "Kamar na tsotsi ƙusa."

Ya kalli Rahila. Ta ce, "Baban yara, ni ban taɓa shan ta Inna ba. Ko na sha me zan ce maka?"

Sai ya juyo gare ni. Bai roƙe ni ba, ya dai ce, "Yaya, ke kaɗai kika rage."

Shekara talatin da wani abu rabona da ita. Na dubi ƙwaryar, na dubi wuyan yaron da na goya. Na karɓa na kurɓa.

Tsamin ne ya fara zuwa, mai kama gefen harshe. Bayansa zaƙin tsiron dawa, sannan hayaƙi, sannan ɗan garin da ke saura a haƙori, sai ɗumi ya sauka a ƙirji. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce, "Ita ce."

"Ko don kin ga ina ciwo?"

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

"Kin taɓa. Kin ce mini allurar shawara ba zafi."

Rahila ta yi dariya tana share ido da gefen zani. Shi bai yi ba. Ya ƙura mini ido yana karanta fuskata, kamar yadda yake ɗaga kofi ga haske. Daga baya ya ce in faɗa masa komai, kada in tsallake. Na faɗa masa tun daga tsamin har ɗumin. Ya rufe ido yana saurare, maƙogwaronsa na motsi kamar mai haɗiya. Ban ɗauki kurɓin nan zunubi ba, ban kuma ƙara wani ba tun daga ranar. Abin da ke damuna daban ne. Ban san ko ya yarda da ni ba. Mutum ne da bai taɓa karɓar labarin ɗanɗano daga bakin kowa ba, sai ga shi a kan abu ɗaya da ya fi so a duniya dole ya dogara da shaidar wani.

Ya ce a ɗura masa sauran a kwalabe. Na ce masa burukutu ba a ajiye ta, kwana biyu uku ake sha a gama, rai gare ta, ba ta daina aiki. Ya ce likita ya gaya masa harshe kan dawo bayan wasu watanni, sanyi kuma zai sa ta barci har lokacin. Da hannunsa ya danna murafan, ya jera su a tsohon firij ɗin gareji. Duk ziyarar da na kai sai in same shi ya lasa gishiri ko ya tauna citta, yana jarraba ko an samu canji.

Harshen bai dawo ba. Ciwon ne ya dawo da sanyin hunturu, ya sauka huhu. Ya cika a asibiti wata safiya a watan Mayu, Rahila na riƙe da hannunsa, ni ina riƙe da ƙafafunsa.

Abin da ya faru a zaman makoki shi ne dalilin wannan rubutu, domin na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Gidan ya cika. Matan zumunta sun zo da kuloli, matan 'yan Nijar abokan aikinsa sun zo da nasu, abinci ya rasa wurin ajiya. Wata baiwar Allah da ba ta san komai ba ta kwashe kwalaben daga firij ɗin gareji ta jera a kan kantar da ke gefe, ta sa miya a wurinsu. Ba wanda ya lura. Aka yi 'yan kwanaki ana zafi. Rannan da la'asar muna falo muna waƙar ta'aziyya, sai muka ji tau! kamar harbin bindiga. Yara suka kwanta a ƙasa. Kafin kowa ya motsa aka sake, tau!

Malam Isuhu, da ke zaune da maza a waje, shi ya fara isa ƙofar gareji. Ya buɗe. Sai ƙamshin ya shigo falo.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na miƙe tsaye a tsakiyar mata, kuma Allah shaidana, ba a McLeansville nake ba. Ina jin zafin murhu a ƙwaurina. Ina jin muciya na bugun gindin tukunya, ƙwal, ƙwal, yadda take yi in hannun Inna ne a kai. Na juya gefen dama, inda yakan tsaya da ƙoƙonsa, na buɗe baki zan ce, "Habila, ka ji?" Kujerarsa ce a wurin, da rigar sanyinsa rataye a baya.

Malam Isuhu ya ce kowa ya ja baya. Ya karɓi bargo, ya lulluɓe sauran kwalaben, ya rungume su ya kai bayan gida can cikin karan dawa. Mutumin da ko hannu ba ya kai wa kwalbar giya, ya dawo rigarsa sharkaf, da ɗan yanka a hannu. Rahila ta fara ba shi haƙuri, ya ce, "Madam, ba komai, ruwa zai wanke. Abin da ke ciki ne ya gaji da jiran mai shi." Ya nemi buta ya koma gefe. Har rana ta faɗi muna jin su ɗaya bayan ɗaya daga cikin kara.

Mun wanke simintin garejin da sabulu da ruwan zafi har sau nawa. Amma duk ranar da aka yi zafi, in na je gidan, ƙamshin na nan yana jirana a bakin ƙofa. Na tambayi Rahila, ta ce ita ba ta jin komai. Na tambayi yaran, suka ce, "No, Anti." Daga baya ya fara bina inda ba shi da dalilin zuwa. Ina gyara wa wata tsohuwa gado a wurin aiki, sai ya wuce ta gabana kamar wani ya gitta da ƙwarya a hannu. Nakan tsaya cik har ya tafi. Tsoro nake ji, amma in ya daɗe bai zo ba sai in fara cigiyarsa.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan mun binne shi aka sauya dokar jihar. Yanzu irin giyar da yake tsallaka iyaka dominta tana nan jere a kantunan Wendover, tafiyar 'yan mintoci daga siton da ya yi aiki. Wani lokaci in na je cefane ƙafata kan kai ni layin, ni da ɗankwalin zumunta a kai, in tsaya ina karanta kwalabe kamar mai neman suna a maƙabarta. Ga baƙar nan ta gangar katako. Ga ta masu ibadar Beljiyam. Nakan tambayi kaina me zai ce. Wata rana in ga zai yi murna, ya cika mota. Wata rana kuma in ga zai ɓata rai, domin rabin daɗin a wurinsa hanyar ce, da rigar da yake naɗe su, da rashin tabbas ko zai samu. Kwanan baya har giyar dawa na gani, an rubuta cewa don masu ciwon da alkama ba ta karɓe su ba aka yi ta. Garau take kamar fitsarin jariri. A nan kam na san dariyar da zai yi, har na ji ta, sai da wani ma'aikacin kantin ya tambaye ni ko lafiya.

Akwai abubuwan da na gode wa Allah da bai gani ba. Siton nasu ya rage ma'aikata da tattalin arziki ya karye, Malam Isuhu tasi yake ja yanzu. Filin bayan gida ciyawa ta cinye. Rahila ta yi iya ƙoƙarinta ita kaɗai, amma a farkon bana ta saki gidan, ta koma wani ɗan bene kusa da wurin aikinta ita da 'yan matan.

In na zauna auna abin da ya rage na Habila, ma'aunin ba ya nauyi. Bai bar wa iyalinsa gida ba, bai bar gona ba. Ya bar 'ya'ya biyu masu kirki da ba su san sunan ƙauyenmu ba sai an tuna musu. Ɗanɗanon da ya ƙare ransa yana bi kuwa a kan harshe ɗaya ya rage a duk duniya, harshen tsohuwar da ba ta sha, ranar da aka rufe ni an rufe shi. Duk da haka ba na cewa ya yi asara. Ya rasa jana'izar uwarsa, sai ya ƙi yarda a ce shi ke nan. Ya shuka dawa a ƙasar da ba ta san ta ba, ya mayar da ni gaban murhu, ya sa Musulmi da Kirista suka tsaya a gareji ɗaya a kan abin da ya dame shi. Mutane da yawa suna barin gida su manta har da abin da suka rasa. Shi bai manta ba.

Ranar da muke kwashe kayan Rahila, a can ƙarshen kabad ɗin ƙarƙashin matakala, muka jawo wani akwatin katako. Kwalaben nan ne masu ƙarfi da yake ajiyewa su tsufa. A kan murfin kowace ya rubuta shekara da farin fenti, shekarar da ya yi niyyar buɗe ta. Wasu shekarun sun wuce yana asibiti, wasu sun wuce yana ƙasa. Rahila ta zauna a kan matakala ta ce, "Yaya, ni ba zan iya ba." Muka kira wani abokinsa da suke zuwa Virginia tare ya kwashe. Amma kafin ya iso na zare ɗaya, wadda shekararta ta fi nisa, na sa a jakata.

Tana nan a kabad ɗina, bayan garin tuwo, inda haske ba ya kai wa. Saura shekara uku lokacinta ya yi. Ba zan sha ba, ban kuma san wanda zai buɗe ta ba. Ina ajiye da ita ne domin duk wani abu na Habila ya zama na jiya, ita kaɗai ce har yanzu take gabansa. A rubutun hannunsa, ƙanena yana da alkawari da wata shekarar da ba ta zo ba tukuna, kuma muddin ina numfashi ba zan bari a soke shi ba.

Allah ya ba shi hutawa, ya sada shi da Inna.